Tan Goma Sha Huɗu a Bakin Kwalbati

Ƙarar ta zo kamar an jefo dutse daga sama. Dogo na durƙushe yana walda a ƙafar wata ƙofa sai ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwarsa, kwanon rufin shagon ya yi kakkarwa, guduma ta faɗo daga jikin ƙusa. Ya yar da abin da ke hannunsa ya fito a guje, tabarau na lilo a wuyansa.

Tirela ce ta zo shan kwana a bakin layinsu, sarƙar da ta ɗaure kayanta ta tsinke. Kayan kuwa abu ɗaya ne tak: allon ƙarfe, tsawonsa mita shida, faɗinsa ɗaya da rabi. Ya sulmiyo ya afka cikin babban lambatun unguwar. Kansa na ƙasa ya toshe bakin kwalbati ruf kamar murfin tukunya, na sama kuma ya jingina a gefen titi.

Dogo ya ƙaraso ya ɗora hannu a gefensa don ya auna kauri. Ya buɗe tafin har yatsunsa suka yi zafi, babban yatsa a wannan baki, na tsakiya da ƙyar ya taɓa wancan. Shekara ashirin da biyu yana yankan ƙarfe, bai taɓa tsayawa a gaban irin wannan ba. Sai ya ji kansa ya yi ƙasa da murya, kamar wanda ya shiga ɗakin babban mutum.

"Tan nawa ne?"

"Goma sha huɗu," in ji direban tirelar, yana zaune a ƙasa hannu biyu a ka. "Wallahi na duba sarƙar nan da safe."

"Auta!"

Mutum ɗaya ce a duniya take kiransa da wannan suna yanzu da furfura ta fara fito masa. Yayarsa ce ke hawowa daga ƙasan layi, zani a ɗaure tamau, hannu duk kumfar sabulu. Ba ta ko kalli ƙarfen ba. Sama ta nuna masa.

Hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk, ƙasansa na walƙiya.

Babu wanda ya yi wa wani bayani, don kowa a layin ya sani. Duk ruwan unguwar sama ta wannan kwalbatin yake bi. Shekara huɗu da suka wuce, da shara kawai ta toshe shi, ruwa ya juyo ya gangara layi, gidan ƙarshe kuma a ƙasan gangaren shi ne na Yaya, gidan da aka haife su su biyun. Ruwa ya kai taga a wancan karon, bangon baya ya zube. Wanda ya gyara musu ya faɗa ƙarara cewa sauran bangayen ba za su sake shan wani ruwan su tsaya ba.

"Awa ɗaya," in ji Yaya. "Wataƙila ma ba ta kai ba."

Motar ƙugiya ta iso cikin minti ashirin, direban tirela ne ya kira ta. Wani dattijo gajere mai tumbi ya sauko daga ciki yana sakace. Ya zagaya allon sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya saurara, sannan ya girgiza kai.

"Ƙugiyata tan takwas take ɗagawa, shi ma sai na lallaɓa ta. Babbar tana wani aiki, sai jibi."

"Jibi gidana yana cikin ruwa," in ji Yaya.

"To a raba shi biyu, Hajiya. Bakwai bakwai. Na riƙe na ƙasa, a ɗaure na sama a jikin tirela, a yanka ta tsakiya inda yake rataye a kan lambatu. Akwai mai yanka a nan?"

Duk taron ya juyo ya kalli Dogo.

Direban tirela ya buga wa mai kayan waya. Aka yi ihu ta can, aka yi rantsuwa ta nan, a ƙarshe ya sauke wayar ya ce dama gunduwa-gunduwa za a yi da shi a inda za a kai, a yanka.

Dogo ya turo kurarsa daga shago, tukunyar oksijin biyu da ta gas ɗin kabaid ɗaya a ɗaure a kai. Da kabaid ya koyi aiki, da shi ya yi suna. Babu harshen wutar da ya kai shi zafi, kowane mai walda ya san wannan. Ya zaro nozul, bakin da wuta ke fita, mafi girma a akwatinsa, wanda bai taɓa amfani da shi ba sai don nuna wa baƙi, ya ɗaura. Aka gama ɗaure sarƙoƙi. Ya hau kan allon, ya ja layi da alli, ya sauke tabarau, ya kunna.

Mai ƙugiya ya leƙo ta tagar motarsa. "Mai walda, tukunya ɗaya za ta ciyar da wannan ƙaton bakin?"

"Baba, kai dai riƙe sarƙarka."

"Na riƙe. Kai ma riƙe gemunka."

Gefen ƙarfen ya yi ja nan da nan, kamar yadda kabaid ya saba. Dogo ya danna kunamar da ke sakin oksijin. Tartsatsi ya tashi, yankan ya shiga yatsa ɗaya, biyu, huɗu. Amma ba ya fita ta ƙasa. Narkakken ƙarfe ya fara tafasowa sama yana dawo masa a fuska. Ya ƙara buɗe gas. Sai harshen wutar ya yi tari, ya canja launi zuwa wani shuɗi mai ja-ja, ya fara tofar da ɗigo-ɗigon wuta. Wani wari mai kaifi ya bugi hanci, irin na ruwan goge farce.

"Kashe!" Dattijon ya diro daga mota da saurin da tumbinsa bai yi kama da shi ba. "Kashe, ka rufe tukunya!"

Dogo ya kashe. Ya rufe tukunya.

"Ka san me ka yi? Gas ɗin nan a jiƙe yake cikin wani ruwa a tukunyar. In ka ja shi a hankali, ya fito shi kaɗai. In ka matsa masa, ya yi maka amai da ruwan. Tukunya biyar kake buƙata a jere kafin ka ciyar da wannan nozul. Kana da biyar?"

"Ɗaya gare ni."

"To da wannan za ka yi ta ɗinkin ƙofofinka lafiya. Wannan kuwa," ya mari allon, "ba abincinsa ba ne."

Iska ta farko ta kaɗo, ta kwashi ledoji ta yi sama da su. Yaya ta kalli ƙasan layi, ta kalli ƙaninta, ta kau da kai. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Dattijon ya koma motarsa, ya ɗaga kujera, ya jawo wani abu a naɗe cikin tsohon buhu. Bindigar yanka ce, tsawonta ya kai hannun mutum, tagullarta ta yi baƙi don aiki, da tiyonta da agogonta na auna gas. Ya kwance bakin ya miƙa wa Dogo. Nozul ɗin gida biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, na ciki duk tsage-tsage kamar haƙoran mataji.

"Shekara goma sha biyu na yi a inda ake fasa tsofaffin jiragen ruwa," in ji shi. "Da wannan muka cinye su. Tukunyata ta ƙare jiya a wani aiki. Wa yake da gas ɗin girki kusa?"

Dogo ya ɗauka raha ce. "Gas ɗin dafa shayi?"

"Shi."

"Baba, na gwada shi sau ɗaya. Na yi rabin awa ina hura farantin ƙarfe mai kaurin yatsa, ko ɗumi bai yi ba."

"Da nozul ɗin kabaid, ko? Ka kuma manna baki a jikin ƙarfe kamar mai sumbatar jariri?" Taron ya fashe da dariya. "Ku mutanen kabaid duk haka kuke. Ku zage shi, alhali ba ku san ta inda yake cizo ba."

Yaya ta riga ta juya. Kafin su gama musu ta dawo da tukunyar gas ɗin girkinta a ka, tana haki. Ƙarama ce, fentinta ya goge. Dattijon ya ɗaga ta ya jijjiga a kusa da kunnensa, fuskarsa ta ɗan canja.

"Ba ta kai rabi ba."

"Ita ce ke akwai. Ta maƙwabta ma ta fi wannan rashin nauyi, jiya a wurina suka ɗumama abinci."

"To bismillah." Ya ɗaura agogonsa, ya haɗa tukunyar oksijin biyun wuri ɗaya, ya ɗora hannun direban tirela a kansu ya ce ya kira masa lambar da allura ke nunawa. Sannan ya kama Dogo a kafaɗa. "Ni dole in zauna a kan ƙugiya, in ba haka ba rabin nan ya faɗi da kai. Kai za ka yanka. Abu ɗaya zan gaya maka: in ka fara, kada ka tsaya. Ƙarfe mai kauri in yankansa ya mutu a tsakiya, narkakken kashin ƙarfen ya daskare ya rufe hanya. Kafin ka sake tayar da shi ruwa ya cinye gidan."

Dogo ya ja sabon layi tafi ɗaya daga inda ya ɓata. Ya kunna. Wutar ta tsere daga bakin nozul ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. A na uku ya jingina bakin a jikin allon kamar yadda dattijon ke masa nuni da hannu, sai ta kama ta zauna. Ya ƙara oksijin a hankali har ƙananan harsuna shuɗaye suka fito a zagaye, gajeru, suna fito siriri kamar butar da ta tafasa.

Ya kai ta gefen ƙarfen. Hannunsa ya yi abin da ya saba shekara ashirin da biyu: ya sauke bakin har shuɗin ya kusa taɓa ƙarfe.

Minti ɗaya. Ƙarfen na nan baƙi ƙirin, yana kallonsa.

"Ɗaga!" dattijon ya yi ihu daga mota. "Zafinta ba a gindi yake ba, a jela yake!"

Dogo ya ɗaga kaɗan, hannun ya sake sauka da kansa.

"Auta." Yaya ce, a tsaye a gefen lambatu. "Ka taɓa ganin na zaunar da tukunya a kan bakin murhu? Ƙarafunan nan da take hawa, ka ɗauka ado ne? Ba wutar wuri ta buɗe."

Ya ɗaga yatsa biyu cif. Ya ji kamar ya saki aikin gaba ɗaya, kamar mai son dafa abu daga ɗaki na gaba.

Sai ga ja ya fara. Ba ɗigo ɗaya ba irin na kabaid, wanda ke cin fuska ya bar ciki da sanyi. Wannan ja ɗin ya bazu, ya gangara gefen allon a hankali, yatsa bayan yatsa, har ya sauka can ƙasa. Duk kaurin ya ɗauki launin garwashi. Dogo ya ji gashin jikinsa ya tashi.

"Yanzu!"

Ya danna kunama.

Ƙarar ta sauya zuwa wani gurnani mai zurfi da ya ji a tafin ƙafarsa. Taron ya ja da baya da salati. Shi ba ya ganin ƙasan allon, amma ya ga hasken a fuskokin mutane, duk sun yi ruwan zinariya.

"Yana fita!" Yaya ta ƙwala. "Auta, yana fita ta ƙasa! Kamar ana tsiyayar rana!"

Ya fara tafiya. Ba tafiya ba ce ma, numfashi ne: kowane shaƙa, bakin ya matsa kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Tsagar ta buɗe a bayansa, siririya, miƙaƙƙiya, gefenta tsaf kamar an yanka sabulu da zare. Ta cikin baƙin tabarau yana hango ƙasan ramin, wata farar rijiya mai zurfin taƙi guda, tana tafiya tare da shi. Ya manta da hadari. Ya manta da mutane. Ƙarfen da tirela ta yi nishi a ƙarƙashinsa, ga shi yana buɗewa a gaban tukunyar gas ɗin da yayarsa ke dafa wa yara ruwan wanka da ita.

Ya wuce rabi. Direban tirela na kiran lambobi. Tsawa ta fashe a kan unguwar sama.

"Baba, tukunyar ta yi fari!" in ji Yaya. "Ƙanƙara ta kama gindinta!"

"Sanyi ya kama ta, gas zai ƙi tasowa! Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba!"

Wata maƙwabciya ta miƙo baho, wata ta kawo buta. Yaya ta zaunar da tukunyar a ciki tana shafa mata ruwa kamar mai yi wa jinjiri wanka. Harshen wutar da ya fara ƙanƙancewa ya sake miƙewa. Dogo bai ɗaga kai ba. Gumi na shiga masa ido, bai goge ba.

Saura taƙi uku. Saura taƙi biyu.

Ɗigon farko ya faɗo a kan allon ya yi tsuwwa ya ɓace. Na biyu ya faɗo a wuyansa. Direban tirela ya bar tukwanen oksijin, ya fizgo fallen kwano daga ƙofar shagon Dogo, ya hau allon ya riƙe masa a sama kamar laima.

Saura taƙi ɗaya, sai fiton wutar ya sauka. Shuɗayen harsunan suka yi laushi, suka gajarce, suka koma kamar haƙoran jariri. Ya ji Yaya tana jijjiga tukunyar, ya ji ruwan baho na fantsama.

"Ta ƙare, Auta! Babu komai a ciki!"

Fat! Wutar ta mutu.

Duk abin da aka koya masa tun yana saurayi ya ce ya saki kunama. Babban yatsansa ya fara sassautawa.

"Kada ka saki!" Muryar dattijon ta tsaga ƙarar injin. "Danna! Ci gaba yadda kake tafiya! Kada ka saki!"

Ya danna.

Babu wuta a bakin bindigar. Babu ko ƙyalli. Iska ce kawai take fita, oksijin tsura, mai sanyi, wadda da ya kara hannu da sai dai ta hure masa gumi. Amma farar rijiyar ba ta mutu ba. Tana nan a ƙarƙashinsa, tana ci, tana tafiya. Ƙarfen ne yake ci da kansa, kowane ɓangare na kunna na gabansa, kamar busasshiyar ciyawa.

Taron ya yi tsit. Ko yaran da ke kan katanga sun daina ihu. Ba a jin komai sai huci da zubar narkakken ƙarfe a cikin laka da ɗigon ruwa a kan fallen kwano.

"Ikon Allah," wani ya ce a hankali.

Dogo bai yi numfashi ba. Ya san in hannunsa ya yi gaba da faɗin gashi fiye da yadda ƙarfen ke ci, shi ke nan, babu abin da zai sake kunna shi. Yatsa huɗu. Uku. Saman tsagar ya fara duhu, farin ya koma ja. Biyu. Ya ɗan karkata bakin gaba don iskar ta riski ƙasan kafin saman ya huce. Ɗaya.

Allon ya yi wata ƙara kamar an buga babbar ƙararrawa a cikin ƙasa. Rabin da ke ƙasa ya rabu, ya nutsa kaɗan, sarƙoƙi suka miƙe suka yi ƙara. Motar ƙugiya ta yi nishi, ƙafafunta suka nitse cikin kwalta. Laka ta riƙe kan ƙarfen, ta ƙi saki, ta ƙi saki, sannan ta saki da wani tsotso mai ƙarfi. Tan bakwai ya tashi sama yana juyawa a hankali, gefensa ɗaya na hayaƙi.

Bakin kwalbati ya bayyana, baƙi, a buɗe.

Sama ta ɓalle. Mutane suka watse zuwa rumfuna. Dattijon ya ajiye rabin a gefen titi, ya kashe inji, ya sauko cikin ruwan ba tare da ya rufe kai ba. Ya zo ya tsaya kusa da Dogo, wanda ke zaune a ƙasa da bindigar a cinya, suka zuba wa fuskar yankan ido. Ruwa na dukanta tana tururi. Layuka ne sirara a jere daga sama har ƙasa, kamar an taje ta. A taƙin ƙarshe layukan sun ɗan lanƙwasa baya, shi ke nan bambancin.

"Baba, da me na yanka wannan wurin?"

"Gas ba ya yanka ƙarfe, ɗana. Ko naka ko nawa. Tada shi kawai yake yi. In ya tashi, ka ba shi iska, shi ne itacen kansa." Ya share ruwa daga fuskarsa. "Shi ya sa ba mafi zafi ake nema ba, wanda zai ɗumama shi har ciki ake nema."

"Ka sha yin haka a wurin jiragen?"

Dattijon ya miƙa hannu kusa da ƙarfen, ya ji zafin, ya janye.

"Sau ɗaya na ga wani ya yi, a faranti siriri, don ya ba mu mamaki. A mai kauri irin wannan kuwa," ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba, "yau na fara gani. Da na ce maka ka danna, wallahi ban san zai tafi ba."

Sai suka ji shi yana zuwa. Ruwan unguwar sama ne, ja, mai kumfa, ɗauke da robobi da rassan itace, ya cika lambatun baki da baki. Ya taho da gudu, ya bi ta ƙarƙashin rabin da ke rataye a jikin tirela, ya haɗiye tarin kashin ƙarfen da ke ci har yanzu a cikin laka, tururi ya tashi fari. Ya daki bakin kwalbati, ya yi juyi ɗaya, ya shige.

Yaya na tsaye a tsakiyar titi, jiƙe sharkaf, ta juya musu baya. Layinsu take kallo. Wani siririn ruwa ne kawai ke gangarawa ta gefe, wanda ko idon sawu ba zai rufe ba. Ta bi shi da ido har ya wuce ƙofar gidan can ƙasa, ya yi gaba abinsa.